Otsuchi: Garin Da Allura Ta Ɗinke Zumunta

Ɗan kasuwar Maradi ko na Damagaram in aka ambata masa sunan Japan, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne Toyota da Yamaha da rediyon Sony, wato ƙarfe da inji da lantarki. Ma'aikacin Yamai ko na Tawa kuwa zai tuna rijiyoyi da azuzuwan lakwal waɗanda taimakon wannan ƙasa ya gina a Nijar. Amma a bayan wannan Japan ta masana'antu akwai wata wadda ba a cika jin labarinta ba, ta allura da zare da tsohon ƙyalle. Mai son ganinta sai ya bar Tokiyo ya nufi arewa, zuwa wani ƙaramin gari na masunta mai suna Otsuchi, cikin jihar Iwate, a bakin tekun Pasifik. A rana ɗaya, cikin shekarar 2011, garin nan ya rasa kusan mutum ɗaya daga cikin kowane goma na mazaunansa. Abin da ya sake haɗa wasu daga cikin matan da suka tsira, har baƙi suka zama aminai, shi ne wani ɗinkin hannu na gargajiya da ake kira sashiko.

Hanyar arewa

Daga Tokiyo matafiyi zai shiga jirgin ƙasa mai tsananin gudu, Shinkansen, wanda cikin kimanin awa 3 zai kai shi tashar Shin-Hanamaki, tafiyar kimanin kilomita 500. Daga nan gaggawa ta ƙare. Sai ya sauya zuwa wani ƙaramin jirgi mai bi ta tsakanin duwatsu da dazuzzuka da gonakin shinkafa, ya ratsa garin Tono, ya gangara zuwa Kamaishi, tsohon garin sarrafa ƙarfe. A can zai sake shiga jirgin kamfanin Sanriku, wanda ke bin gaɓar teku yana shiga ramukan da aka fafe cikin dutse yana fita. Wannan yanki na layin dogo ya yi shekara 8 a rufe, domin teku ta kwashe gadoji da tashoshinsa, ba a sake buɗe shi ba sai cikin watan Maris na 2019.

Tashar Otsuchi sabuwa ce, an yi rufinta da siffar gora, domin a tuna da wani ɗan tsibiri mai wannan siffa, Horaijima, wanda ke zaune cikin ruwan garin da jar hasumiyarsa ta jagoran jiragen ruwa. Wanda ya fito daga tashar, abu na farko da zai lura da shi shi ne tsabta da shiru. Tituna a miƙe suke, gidaje sababbi ne, amma tsakanin gida da gida akwai filaye da ciyawa ta rufe, inda a da akwai iyali. An cika tsakiyar garin da ƙasa an ɗaga shi sama da yadda yake. Ta wajen teku kuwa an ja wata ganuwar kankare mai tsawon mita 14 da rabi, har ya zama mazauna garin masunta ba su ganin teku daga ƙofar gidansu. Mai son ya ga fasalin wurin baki ɗaya sai ya hau tudun Shiroyama. Daga can zai hangi koguna biyu, Otsuchi da Kozuchi, suna gangarowa daga duwatsu, da ɗan sararin da ke tsakaninsu wanda aka gina garin a kai, da kuma bakin teku mai shigowa cikin ƙasa kamar mazurari. Wannan siffa ta mazurari ita ce arzikin garin, domin ita ke ba shi mafakar jiragen kamun kifi, ita ce kuma masifarsa, domin takan tattara ƙarfin igiyar ruwa ta cilla shi cikin gari.

Ranar Juma'a 11 ga watan Maris

Mutanen wannan gaɓa sun san ambaliyar teku da ake kira tsunami tun kaka da kakanni. Ta zo musu a 1896, ta dawo a 1933, ta sake zuwa a 1960 bayan girgizar ƙasar da aka yi can a Chile, a ɗaya gefen teku. Amma ta ranar Juma'a 11 ga watan Maris 2011 ta wuce duk abin da masu rai suka taɓa gani. Da ƙarfe 2 da minti 46 na rana ƙasa ta girgiza da ƙarfin da ya kai maki 9 a ma'auni. Bayan kimanin rabin awa teku ta tsallake ganuwar da ke nan a lokacin, ta shiga gari. Abin da ruwa ya bari, wuta ta cinye. Likitar garin ta lalace, haka ma kasuwa da tashar jirgi da masana'antun gyaran kifi. Magajin garin, wanda ya tara ma'aikatansa a gaban ginin hukuma domin shirya agaji, ruwa ya tafi da shi, hukumar garin kuma ta rasa ma'aikata kusan 40. Cikin mutum kimanin 15,000 da ke zaune a Otsuchi, fiye da 1,200 suka mutu ko suka ɓace. A faɗin ƙasar kuwa matattu da ɓatattu sun haura 18,000.

Waɗanda suka tsira aka tara su a ɗakunan wasanni na lakwal-lakwal da zaurukan taro da wuraren ibada da ke kan tudu, cikin sanyin ƙarshen hunturu, kowane iyali da ɗan wurin shimfiɗa bargonsa. Bayan makonni na farko sai wani bambanci ya bayyana. Maza masu ƙarfi sun sami abin yi, domin akwai tarkace da za a kwashe, da jiragen ruwa da za a gyara. Mata kuwa, musamman manya, waɗanda suka saba tashi tun asuba su yi girki, su gyara kifi da ganyen teku, su kula da gida, sai suka wayi gari babu murhu, babu wurin aiki, babu abin da hannu zai taɓa. Ana kawo musu abinci su karɓa su yi godiya, sa'an nan su zauna da tunanin waɗanda suka rasa daga safe har dare.

Cikin watan Yuni na wannan shekara wasu ƴan sa-kai da suka zo agaji suka kawo shawara mai sauƙi: a ba matan nan allura da zare da ƙyalle, su yi ɗinki, a saya a hannunsu. Ba a bukatar keken ɗinki, ba a bukatar lantarki, ba a bukatar wurin da ya wuce cinyar mai ɗinkin. Kayan farko ƙanana ne, irin su ƙyallen goge kwanuka da ɗan ƙyallen da ake ɗora kofin shayi a kai, an zana musu hoton kamome, farin tsuntsun teku wanda shi ne alamar garin. Hausawa suka ce komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Da haka furojen sashiko na Otsuchi ya soma.

Ɗinkin talakawan ƙasar sanyi

Domin a gane dalilin da ya sa wannan ɗinki ya dace da masu makoki, sai an koma baya a ga asalinsa. Japan tana da surfani na alfarma, na zaren siliki da na zinariya, wanda ake yi wa tufafin sarauta da na amare a Kiyoto. Sashiko ba daga can ya fito ba. Ma'anar kalmar ita ce ƴan ƙananan suka, kuma sana'ar matan manoma da masunta ce. Kaɗa ba ta fita a arewacin Japan saboda sanyi. Talakan wannan yanki yakan sa tufa ta zaren wata shuka mai kama da rama, wadda iska ke ratsawa kamar rariya. Yadin auduga kuwa sai dai tsoho, wanda jiragen ruwan fatake ke kawowa daga wajen Osaka, wato gwanjon wancan zamani, abin da ake kira bosho a kasuwannin Nijar. Mace takan ɗora ƙyalle bisa ƙyalle, ta bi su da suka a jere, layi bayan layi, har su zama abu ɗaya mai kauri da ɗumi. In wuri ya ci sai ta yi masa maho, in mahon ya ci ta ɗora wani, har riga ɗaya ta ga kaka da jika. Irin waɗannan tsummoki, da ake kira boro, a da abin kunya ne da ake ɓoyewa, daga baya gidajen adana kayan tarihi suka shiga nemansu. Masunta sun sa rigunan sashiko a teku, masu kashe gobara na tsohon birnin Edo, wato Tokiyo, sun riƙa jiƙa nasu da ruwa kafin su tunkari wuta.

A can ƙuryar arewa, a ƙasar Tsugaru da ke kewaye da birnin Hirosaki cikin jihar Aomori, dokar da masarautar yankin ta kafa a 1724 ta hana manoma sa tufafin auduga. Matan yankin suka sami mafita: tufa dai ta zauna ta rama, an rine ta da shuni, amma suka riƙa cike ramukan saƙar da zare, suna ƙirga silin saƙa ɗaya, uku, biyar, bakwai, har zane ya fito. Da farar auduga ta samu sai suka riƙa yin aikin da ita bisa baƙin shuni. Wannan shi ne kogin. Maƙwabtansu na ƙasar Nanbu su kuma suna ƙirga biyu, huɗu, shida, nasu ana kiransa hishizashi. Waɗannan biyu, da na yankin Shonai, su ne manyan gidaje uku na sashiko. Yarinya takan soma koyo tun tana ƙarama, kafin aurenta ta tanadi rigunan da za ta tafi da su ɗakin miji. Zanen ma sunayensa na ƙauye ne: wake, malam-buɗe-littafi, tafin kyanwa, gora. Da jirgin ƙasa ya iso Hirosaki a 1894, yadin auduga ya yi araha, sana'ar ta kusa mutuwa, har sai da masanin nan Yanagi Soetsu, jagoran masu farfaɗo da sana'o'in talakawa, ya jawo hankalin jama'a gare ta a 1932.

Wanda ya san karofi da ƙamshin baba, ya kuma taɓa ganin mai aikin babbar riga yana fitar da aska takwas a ƙofar gida, ba zai ga baƙon abu a nan ba: farin zare ne bisa shuɗin yadi, da haƙuri, da ƙirga. Bambancin shi ne a ƙasar Hausa surfanin riga aikin maza ne kuma ado ne na masu hali, alhali a arewacin Japan aikin mata ne kuma rashi ne ya haife shi. Akwai kuma wani abin da ya haɗa su, shi ne ba a cika yin su a kaɗaice ba. Kamar yadda masu ɗinkin hula ke jeruwa a inuwa ɗaya suna hira, haka matan Tsugaru kan taru a gindin murhu cikin watannin da dusar ƙanƙara ke rufe gonaki, wannan ta leƙa zanen waccan, ta koya, ta ƙara nata.

Maƙwabtan ƙuri'a

Otsuchi ba ya cikin cibiyoyin nan uku da suka yi suna, kuma yawancin matan da suka karɓi allura a 2011 ba gwanayen sashiko ba ne. Sun iya ɗinkin gida irin wanda kowace mace ta koya wajen uwarta ko a lakwal, sauran kuwa koyo suka yi. Wannan rashin gwaninta ma ya taimaka, domin wadda ba ta iya ba dole ta tambayi ta kusa da ita.

Da bazarar ƙasar ta yi nisa, hukuma ta kwashe mutane daga zaurukan taro zuwa gidajen wucin gadi, kimanin 2,000, waɗanda aka warwatsa rukuni-rukuni fiye da 40 a cikin kwaruruka, duk inda aka sami fili nesa da teku. Da yawa ta hanyar ƙuri'a aka raba su. Tsohuwar da ta yi shekara hamsin a unguwa ɗaya sai ta sami kanta tsakanin mutanen da ba ta taɓa gaisawa da su ba, bango siriri ne tsakaninsu amma babu sabo. Japanawa sun riga sun san haɗarin wannan hali tun girgizar ƙasar Kobe ta 1995, inda aka riƙa tarar da tsofaffi sun mutu su kaɗai a irin waɗannan gidaje ba wanda ya sani. Kuma mutanen arewacin Japan sun shahara da kawaici da haɗiye baƙin ciki. Kiran su taro a ce kowa ya faɗi abin da ke damunsa ba lalle ya fito da su daga ɗaki ba. Amma in aka ce a kawo aikin da aka gama a karɓi sabon ƙyalle da ladan wanda aka yi, wannan dalili ne da mace za ta iya faɗa wa kanta da iyalinta ba tare da kunya ba.

Haka zaman sashiko ya kafu. Masu ɗinkin, waɗanda ake kira sashiko-san don girmamawa, kowace takan yi aikinta a gida, ran haɗuwa kuma su taru a tebur ɗaya. A duba aiki, a biya, a raba zare, sa'an nan a kawo shayi da ɗan abin taɓawa. Mutanen yankin suna da kalma ta musamman ga irin wannan zama na shan shayi da hira, ochakko. Shi kuwa ɗinkin yana da wata ɗabi'a da ta dace da mai nauyin zuciya. Allurar doguwa ce, ana tokare gindinta da wani ɗan faranti da ke jikin zobe a gindin yatsan tsakiya, ba a cire ta bayan kowace suka, sai dai a riƙa naɗo ƙyallen a kanta har ta cika, sa'an nan a ja zaren a shafe shi da yatsa ya kwanta. Kowace suka kamar ƙwayar shinkafa. Ido yana kan ƙyalle, don haka ba dole a kalli fuskar kowa ba. Mai son magana ta yi, mai son shiru ta yi shirunta, ba wanda zai ce ta yi rashin kirki. A irin wannan zama maganar da ta fi ƙarfin a faɗe ta ido da ido takan fito da kanta, tsakanin tambayar launin zare da miƙo almakashi.

A kan wani tudu na garin akwai wani ɗan ɗakin tarho fari, wanda wayarsa ba ta haɗe da komai. Wani mai aikin lambu ya kafa shi a 2010 bayan rasuwar ɗan'uwansa, bayan ambaliya kuma ya buɗe shi ga jama'a. Ana kiransa tarhon iska, dubban mutane sun je sun ɗauki kan tarhon sun yi wa mamatansu magana. Can mutum shi kaɗai yake shiga. Teburin sashiko kuwa ya ba waɗanda suka rage damar yi wa juna magana, kuma garin ya bukaci duka biyun.

Zaren da ya kai nesa

Zumuntar ba ta tsaya a cikin kwarin Otsuchi ba. Cikin watan Agusta 2011 wata ƙungiya mai zaman kanta ta birnin Kiyoto, Terra Renaissance, ta karɓi ragamar furojen. An kafa ta a 2001, aikinta kuwa a ƙasashen waje yake: taimakon yankunan da aka binne nakiyoyi a Kambodiya, da koya wa tsofaffin yaran soja sana'a a arewacin Yuganda da Kongo, ɗinki na cikin sana'o'in. Da labarin ambaliya ya kai Yuganda, waɗanda ƙungiyar ta taɓa tallafawa suka tara ɗan abin da suke da shi suka aika Japan. Wato agaji ya juya, ya taso daga Afirka zuwa ɗaya daga cikin ƙasashe mafi arziki a duniya, kuma wannan na cikin abin da ya ƙarfafa wa ƙungiyar guiwa ta yi aiki a gida.

Daga Takayama, garin duwatsu na jihar Gifu mai nisan ɗaruruwan kilomita, gwanayen sashiko suka shiga koya wa matan Otsuchi sirrin sana'ar da zanenta na gargajiya. Akwai asanoha, ganyen rama, wanda ake yi wa tufar jarirai domin shukar tana girma da sauri a miƙe. Akwai shippo, da'irori masu sarƙe da juna, alamar dangantaka da ba ta yankewa. Akwai kuma seigaiha, igiyoyin teku a jere, zanen da ke nufin zaman lafiya mai ɗorewa, wanda matan da teku ta raba da gidajensu suka zauna suna fitarwa da farin zare. A manyan birane kuwa masu sha'awar ɗinkin hannu suka zama masu saye, wasu suka ɗauki hanyar nan mai jirgi uku suka zo ganin masu aikin da idonsu.

Tausayi ba kasuwa ba ne

A nan ne labarin ya zo inda ɗan kasuwa da ma'aikacin furoje za su fi gane shi. A shekarun farko duk abin da aka rubuta masa sunan yankin da masifa ta afka wa yana sayuwa, ko ɗinkin ya karkace. Mai saye sadaka yake yi, kayan shaida ce kawai. Amma tausayi yana da wa'adi. Shekaru suka wuce, wasu masifu suka faru a wasu wurare, hankalin jama'a ya koma can, cinikin kayan agaji ya ja baya. Ƙungiyoyin sana'ar hannu da yawa da aka kafa a gaɓar nan bayan 2011 sun watse a wannan mataki.

Abin da ya rage wa Otsuchi shi ne a sayi kayan domin kyansu. Wannan kuwa yana nufin duba mai tsanani: sukar da ta fi ƴar'uwarta tsawo, kusurwar da zare ya ɗaure har ƙyalle ya tattare, aikin da bai zo ran da aka yi alkawari ba. Wanda bai cika ba sai a warware a sake. Ba ƙaramin abu ba ne a ce wa dattijuwar da ta rasa gida da dangi ta warware aikin kwana uku, kuma zo mu zauna zo mu saɓa ne. Amma a nan sabon da aka yi a teburin shayi ya yi amfani, domin gyaran da zai yi zafi daga bakin baƙo yana da sauƙin haɗiya daga bakin ƙawa, wadda ita ma jiya aka sa ta warware nata. Mai hannu ta zauna kusa da mai koyo, mai ido ta zura wa wadda idonta ya raunana zare. A hankali aikin ya kai matsayin da kamfanoni suka shigo: MUJI ya sayar da kayansu, kamfanin tufafi na KUON ya riƙa ba su aikin riguna masu tsada. Daga baya aka sauke kalmar farfaɗowa daga sunan furojen, ya zama Otsuchi Sashiko kawai. A 2024 kuma mata 15 na garin, daga masu shekara arba'in da wani abu zuwa masu tamanin, suka fito da sunan Sashiko Gals, suna yi wa takalman wasanni surfani da hannu, aikin da ya kai sunan garin kantunan ƙasashen waje. Ɗinkin da aka ƙirƙira domin talaka ba ya iya sayen sabuwar riga ya zama abin da sai mai hali ke iya saye.

Warwatsuwa ta biyu

Zuwa 2021 an rufe gidajen wucin gadi na jihar Iwate gaba ɗaya. Wannan abin murna ne, amma ya zo da nasa ciwon. Maƙwabtan da ƙuri'a ta haɗa, waɗanda suka yi shekaru suna jin tarin juna ta bango har suka saba, sai aka sake raba su: wasu zuwa benayen da hukuma ta gina, wasu zuwa sababbin unguwanni a kan tudu, wasu wajen ƴaƴansu a Morioka ko Sendai. Ƙidayar 2020 ta sami mutum kimanin 11,000 a Otsuchi, matasa kuma suna ci gaba da tafiya birane. An rushe tsohon ginin hukumar garin a farkon 2019 bayan doguwar muhawara tsakanin masu son a bar shi don tunawa da waɗanda ganinsa ke tayar musu da miki. Unguwa ta watse sau biyu cikin shekara goma. Abotar da aka ƙulla a kan ƙyalle ba ta dogara ga lambar gida ba, don haka ta bi masu ita duk inda aka kai su. Zumunta a ƙafa take, in ji masu iya magana, a Otsuchi kuwa ƙafar tana da inda za ta nufa da ranar da ake jiranta.

Matafiyin da zai koma tashar mai rufin gora zai so ya riƙe tsaraba, ko da ɗan ƙyallen kofin shayi ne mai farin tsuntsu. Masu sana'ar sukan juya irin wannan ƙyalle su dubi bayansa, domin a can ake gane hannu. A kowace kusurwa, inda zare ya sauya hanya, gwanar takan bar ɗan sako-sako kaɗan wanda ba a gani ta gaba, domin in an wanke ƙyallen ya ja jikinsa kada zaren ya tsinke. Ba a rubuta sunan wadda ta yi shi da zare ba, haka aka gada tun zamanin matan Tsugaru. Amma in aka ajiye shi a teburin ochakko, waɗanda suka yi shekaru suna zaune kafaɗa da kafaɗa da ita za su dubi tsawon sukar da yadda ta karya kusurwa, su faɗi mai shi.